Yadda Ake Kafa Ajin Turanci Na Sa-kai Don Baƙin Da Suka Sauka Kano

Baƙon da ya shigo Kano daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ba ya rasa bakin magana. Da Hausarsa zai yi ciniki a Kwari, ya hau adaidaita sahu, ya kama ɗakin haya a Kurna ko Rijiyar Lemo, ba wanda zai nemi ya yi masa Turanci. Inda yake cijewa shi ne wajen takarda: fom ɗin banki, saƙon da ke shigowa waya in an turo masa kuɗi, rubutun jikin kwalbar magani, da wasiƙar da yaro zai kawo daga makaranta a ce uba ya sa hannu. Dukansu da Turanci suke zuwa. Shi kuwa in ya yi boko a gida da Faransanci ya yi, in daga Chadi yake wataƙila da Larabci, da yawa kuma allo kaɗai suka riƙe, wasu ko allon ba su samu ba. Don haka duk mai niyyar tara irin waɗannan bayin Allah ya koya musu Turanci, ya gina ajinsa a kan takardun da ke cikin aljihunsu.

Ni malamin firamare ne, a Kurna nake zaune. Muna da ɗan aji irin wannan, ni da wasu samari muna riƙe da ɓangaren maza, ƙanwata da ƙawayenta suna riƙe da na mata, kuma ba mai biyanmu ko sisi. Abin da zan faɗa daga nan na samo shi.

Kafin ka sayi alli

Mai unguwa ne farko. Ka je masa da ƙafarka, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Ranka ya daɗe, akwai baƙi a layinmu da takardu ke ba su wahala, muna so mu riƙa zama da su sau 2 a mako muna ɗora musu karatu." Ka faɗa masa wurin, da lokacin, da waɗanda za su koyar. A wannan zamani na rashin tsaro, in aka ga baƙin fuskoki suna taruwa a zaure bayan Isha'i dole a yi magana, amma in mai unguwa na da labari, maganar ba za ta yi nisa ba. Daga wurinsa sai liman, don sanarwa ɗaya bayan sallah ta fi takardar da za ka manna a bango, wadda mutanen da kake nema ba za su iya karantawa ba.

Su kansu baƙin ta hannun babbansu ake samunsu. Kowane rukuni yana da shi: fatoman da suke sauka wurinsa, ko dattijon da ya riga su zuwa da shekaru, wanda ake kai wa ƙara in an saɓa, ake tara gudummawa a hannunsa in an yi rasuwa. Ka roƙe shi ya zo ya zauna a ranar farko ko da ba zai yi karatun ba. Kuma a gabansa ka faɗa ƙarara cewa ba ruwanka da takardun zaman kowa a ƙasa. Kada ka karɓi katin shaidar mutum ka ajiye, kada ka ɗauki hotonsa. Sunan da ake kiransa da shi da lambar waya sun isa rajista. Baƙo mutum ne mai ɗari-ɗari, kuma da gaskiyarsa, in ya ga alamar ana tattara bayanansa ba za ka ƙara ganinsa ba.

Wuri ba ya wuya. Yawancin makarantun Islamiyya suna hutun Alhamis da Juma'a, kuma da dare azuzuwansu a rufe suke, ga benci ga baƙin allo. In ba a samu ba, zauren wani mai hali ya wadatar. Mata kuwa cikin gida ya fi musu, gidan wata dattijuwa da mazajen unguwa suka yarda da ita. Ka tanadi fitila mai caji guda 2, kada ka dogara da wutar lantarki.

Lokaci ne abin da ya kamata ka tsaya a kai, don shi ke kashe aji. Ka tambaye su, kada ka yanke musu. Ɗan dako da yaron shago a Singa ko Dawanau ba su da sarari sai bayan Isha'i. Mai gadi kuwa lokacin yake kama aiki, shi sai da hantsi ko bayan Azahar. Mai shayi safiya da dare ne kasuwarsa. Mata sun fi samun kansu in yara sun tafi makaranta, kafin a ɗora girkin rana. Ba za ka gamsar da kowa ba, ka ɗauki lokacin da ya dace da mafi yawa, ka tsaya a kansa daram. Zama 2 a mako, kowanne minti 90, mutum 12 zuwa 15 a aji. Kuma ka yanka karatun zango-zango, mako 12 kowanne, domin da yawansu 'yan cin-rani ne, bayan kaka suke shigowa, da an ga hadarin farko hankalinsu ya koma gona. Wajen Nuwamba ne lokacin buɗewa. Ka duba kalanda tun farko ka ga inda azumi zai faɗo, don ajin dare ba ya tafiya tare da Tarawihi.

Ranar farko

Ban da jarrabawa. Magidanci mai 'ya'ya da ya sauke girman kai ya zo ya zauna a bencin yara, in ka tarbe shi da takardar gwaji ka kore shi. Ku gaisa, a sha ruwa, kowa ya faɗi garinsu da sana'arsa, sannan ka ce, "Baba, wace takarda ce ta fi damunka?" Za ka ga ana zaro su daga aljihu da cikin leda: katin asibiti, rasit, sakamakon jarrabawar yaro, wani ya miƙo waya ya ce a duba masa wannan saƙon. Manhajarka ke nan ta zangon gaba ɗaya. Ka nemi izini ka kwafi irin waɗannan takardu, ka goge suna da lambobin masu su, ka mayar wa kowa tasa a ranar.

A cikin hirar nan za ka gane kashi 3 ne a gabanka, kuma kowane kashi da irin tafiyarsa.

Akwai waɗanda suka yi makarantar Faransanci, ko da firamare ce. Su gudu suke yi, don baƙaƙen iri ɗaya ne, kuma kalmomi da yawa na fom da asibiti sun yi kama a harsunan biyu. Ka mai da su mataimakanka, kowanne ya zauna kusa da wanda bai kai shi ba.

Akwai almajiran allo, masu karanta Larabci da ajami. Kada ka kuskura ka lissafa su cikin jahilai, mutumin da ya haddace izu-izu ya san yadda ake karatu fiye da ɗalibanmu na boko da yawa. Ya saba da bita, ya saba da maimaita abu har ya zauna. Ka bar shi ya rubuta lafazin kalmar Turanci da ajami a gefen littafinsa, haka zai tuna ta a gida. Abin da zai ɗan ba shi wuya shi ne juya hannu ya fara daga hagu, da bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana.

Sai waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Su ne suka fi buƙatarka, su ne kuma suka fi saurin gudu in aka bar su a baya, don haka ka ware musu malami nasu su kaɗai a gefe guda. Ra'ayina a kansu shi ne a fara musu da karatun Hausar boko na 'yan makonni, domin mutum ya fi saurin gane yadda baƙi da wasali ke haɗuwa a harshen da yake ji. Ka ba su fensir maimakon biro, ka fara da manyan baƙaƙe tunda da su ake cike fom. Kada ka yi musu alkawarin da ba zai cika ba. A zango ɗaya, in mutum ya iya rubuta sunansa, ya karanta lambobi, ya gane kalmomi 20 ko 30 da ido, an yi aiki babba.

Wani lokaci za ka samu wanda Hausar ma ba ta zauna masa ba, Bazabarme ko Ba'abzine ko Balaraben Chadi sabon zuwa. Gaskiyar magana, a Kano Hausa ya fi buƙata da gaggawa. Ka haɗa shi da ɗan'uwansa da ya riga shi iyawa, su riƙa tafiya tare.

Abin da za a koyar

Suna ne darasin farko, kuma ya fi yadda ake zato zurfi. Wanda ya yi Faransanci yana kiran baƙin I da "i", ma'aikacin banki a nan kuwa in ya ji "i" E zai rubuta. In ya ce "ji" yana nufin J, a rubuta masa G. Haka suna ke lalacewa a kan kanta, mutum ya yi ta zirga-zirgar gyara. Saboda haka sai kowa ya iya jero baƙaƙen sunansa da kiran Turanci, da ƙarfi, ba tare da duba takarda ba. Muna yin haka a farkon kowane zama har zango ya ƙare. Sannan ka hana su sauya rubutun suna. In katinsa na gida ya ce Ousmane, to Ousmane zai rubuta ko'ina, kada wani ya mayar masa da shi Usman don ya fi sauƙi, in ba haka ba ranar da aka haɗa takardun biyu za a ce ba mutum ɗaya ba ne. Ka nuna musu gurbin "Surname" da na "First name" a fom na gaske, su cike shi sau da yawa. Ranar haihuwa ma haka, abin da ke jikin kati shi za a haddace.

A nan ne ake koyon sa hannu. Akwai wani dattijo mai sayar da ruwa a kura da ya zo mana, tafin hannunsa duk kanta, fensir na zame masa. Malaminsa ya zana masa baƙaƙen sunansa da ɗigo-ɗigo, yana bi a hankali, harshe a waje, yana gogewa yana sakewa har takardar ta huje. Da ya tashi karɓar wani kuɗi aka tura masa tawadar dangwale, sai ya ce a ba shi biro. Da ya zo yana ba mu labari cewa ya yi, "Malam, yau ban ɓata yatsana ba."

Bayan suna sai lambobi. Mutanen nan sun fi ka lissafi, kada ka ɓata lokaci kana koya musu tarawa da ɗebewa. Ɗan Nijar da ya saba ƙirga sefa da dala, kowace dala tana tamma 5, a ka yake yin lissafin da kai sai ka ɗauko waya. Abin da yake nema shi ne sunayen lambobin da yadda ake rubuta su a nan. Lambar wayar Nijar guda 8 ce, bibbiyu ake faɗarta, ta Najeriya 11 ce, ɗai-ɗai ake jero ta, lambar asusun banki kuma 10. Kowa ya iya faɗar tasa, ya kuma rubuta ta wani in an karanto masa. Ka daɗe a kan "fifteen" da "fifty", da "thirteen" da "thirty", domin tsakanin 15,000 da 50,000 akwai jarin mutum, kuma masu sayen kaya daga Kudu a waya suke ciniki. Ka koya musu cewa in sun yi shakka su ce a turo a rubuce. Ka nuna musu cewa waƙafin da ke cikin 1,500 na raba dubu ne, ɗigo kuma na kwabo, saɓanin yadda aka koya musu a makarantar Faransanci. Agogo ma haka, wanda ya saba da ƙarfe 14 sai ya koyi 2 na rana da alamar da ke bambanta ta da 2 na dare.

Daga nan ka shiga waya, wadda a ganina ita ce darasin da ya fi tsare musu dukiya. Ka rubuta saƙon alat a allo kamar yadda yake zuwa, su nemo inda aka ce kuɗi ya shiga, inda aka ce ya fita, da abin da ya rage. Su san cewa ana tura alat na bogi, don haka a duba ragowar kuɗi kafin a saki kaya. Kuma a maimaita musu har su gaji da ji: banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri, duk wanda ya nemi PIN ko lambar da aka turo ta saƙo ɗan damfara ne, ko da ya ambaci sunanka daidai. Kai ma malami, kada ka yarda ɗalibi ya faɗa maka lambarsa ta sirri don ka taya shi.

Magani shi ne darasin da mata suka fi so. A kawo kwalaye da kwalabe da babu komai ciki, a nemo ranar lalacewa, a gane sau nawa a rana, kafin abinci ko bayansa, cokali nawa, a girgiza ko kada a girgiza. A karanta katin riga-kafin yara a ga ranar komawa. Amma a ja kunne cewa wannan karatu ba ya mai da kowa likita, in ba a gane ba a koma wa wanda ya rubuta. Jimla ɗaya da nake so kowace mace ta fita da ita ita ce "Please, say it in Hausa." Yawancin ma'aikatan asibitocinmu suna jin Hausa, wanda ba ya ji kuma zai kira mai ji. Abin da ba na so shi ne uwa ta ja ɗanta ɗan shekara 10 ya yi mata tafinta a wajen awon ciki. Akwai maganar da ba ta kamata ta bi ta bakin yaro ba.

Takardun makaranta ba sa ɗaukar lokaci: an ciyar da shi gaba ko zai maimaita aji, kwana nawa ya yi fashi, yaushe ne taron iyaye da malamai, ranar komawa hutu. Kada ka zaunar da uba da ɗansa a aji ɗaya, yaron zai riga shi amsawa, uban ya ji nauyi. Sai dai sau ɗaya a wata a yi zaman iyali, yara su zo da littattafansu su karanta wa iyaye.

Lafazi kuwa kada ya ɗauke maka hankali. Bahaushe zai haɗa P da F, zai cusa wasali a tsakanin baƙaƙe, ana kuma gane shi. Ka gyara inda kuskuren zai jawo asara kawai. Wanda ya tsinto Broka a Sabon Gari kada ka kushe masa, tana yi masa amfani, ka dai nuna masa wadda ake rubutawa a takarda.

Kowane zama ka raba shi haka: bitar na baya da baki, sabon abu guda ɗaya tak, sannan mafi yawan lokacin su ne za su yi aiki, bibbiyu, ɗaya ma'aikacin banki ɗaya mai asusu, ɗaya mai kemis ɗaya mai saye. In ka ji muryarka ta fi tasu yawa, to ka rage. Da daddare ka tura musu saƙon murya na minti ɗaya ta WhatsApp mai ɗauke da kalmomin ranar, masu ƙaramar waya su saurara a ta maƙwabci.

Masu koyarwa

Ba sai mai digirin Turanci ba. Ɗaliban Jami'ar Bayero da na kwalejojin ilimi da ke zaune a unguwa, malaman da suka yi ritaya, matan aure da suka gama sakandare, duk za su iya. 'Yan bautar ƙasa ma suna da ranar hidimar al'umma a kowane mako, wanda ba ya jin Hausa a cikinsu sai a haɗa shi da ɗan gari, ya zama abokin gwada magana. Sharaɗina ɗaya ne: wanda zai shiga ya ɗauki alkawarin mako 12 cif. Kowane aji malami 2, don in uzuri ya kama ɗaya kada a rufe ƙofa. Mutumin da ya bar ciniki ya zo ya tarar ba malami, sau 2 kawai zai yi maka haka. A ajiye littafi guda da za a riƙa rubuta abin da aka koyar da inda aka tsaya.

Ka zaunar da samarin ka yi musu magana a kan ladabi kafin su tsaya gaban allo. Wanda ya haife ka, ko a benci yake Baba ne, mace Inna ce ko Hajiya ko Yaya. Ba a ce wa babba ya miƙe tsaye ya ba da amsa, ba a yi masa tsawa, ba a dariyar Hausarsa ta Nijar ko Turancinsa. Ban da siyasa, ban da gardamar aƙida, ban da neman aure a aji. Ban da ɗaukar hoton ɗalibai a watsa a Facebook don a yaba muku. Mata su ne za su koyar da mata, a samu yarinya ɗaya ko biyu masu riƙe jarirai a tsakar gida. In miji ya nuna shakka, kada malama ta ja da shi, a tura masa liman ko babbansu ya yi masa bayanin cewa karatun magani ne da na takardun 'ya'yansa.

Kuɗin da ake buƙata kaɗan ne, na alli da littattafan rubutu da fensir da kwafin takardu. Mu ɗalibai ne ke ɗan jefa abin da ya sawwaƙa a gwangwani, ɗaya daga cikinsu ke riƙe da lissafin, ana karanta shi a fili ƙarshen wata. Ban goyi bayan raba kuɗi ko kayan abinci don a zo aji ba, ranar da rabon ya tsaya ajin ma ya tsaya. In wani mai hali ya kawo taimako, a sayi fitila da benci.

Wanda aka rasa zama 2 a jere, a bi sawunsa. Sau da yawa rashin lafiya ne, ko an sauya masa lokacin aiki, ko kuwa wani abu aka faɗa a aji da ya sosa masa rai ya haɗiye. Ka je wurin sana'arsa ka gaishe shi, kada ka tambaye shi dalili a gaban mutane.

In zango ya zo ƙarshe, a sake ba kowa irin fom ɗin da ya gagare shi a makon farko ya cike da hannunsa, a gayyato mai unguwa da liman a yi addu'a. Masu komawa gona a haɗa musu 'yan shafuka na abin da aka yi su tafi da su, a bar su cikin zauren WhatsApp ɗin. Waɗanda suka zauna kuma suka nuna suna son wucewa gaba, har su samu takardar shaida, wannan ya fi ƙarfin ajin zaure. Jihar Kano tana da Hukumar Ilimin Manya tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, kuma tana da azuzuwa na maza da na mata. Ka je ofishinsu tun zango bai ƙare ba, ka gabatar da ajinku, ka tambayi cibiyar da ta fi kusa da unguwarku da lokacin da suke ɗaukar sababbi, sannan ranar da ɗalibanka za su fara zuwa ka raka su da kanka.